Tsohon CG ɗin Baba: in yanke shi in mai da shi sikirambula, ko in bar shi yadda yake?

Sani_Agege:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma ina roƙon masu sana'ar su faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar tsohon babur Honda CG125 a gidan da muke zaune a Agege. Tun kafin rasuwarsa ya daina hawa, yanzu shekara takwas ke nan yana jingine a bayan ɗaki an rufe shi da leda. Da aka zo rabon gado 'yan'uwana suka ce a kira 'yan jari bola, na ce a'a, a yi masa kuɗi a cire a kasona. Haka aka yi.

Ga halin da yake ciki. Kik yana sauka, wato fistin bai cije ba. Tanki ya yi tsatsa ta ciki, tayoyi sun tsattsage, ɓeraye sun cinye sirdi da wayoyi, salansa ta huje. Firem dai a idona lafiya lau.

Burina in mai da shi irin wanda ake kira sikirambula: taya mai haƙora, salansa a ɗage, hannu mai faɗi, gajeren sirdi shimfiɗaɗɗe. Duk ƙarshen mako ina zuwa gonar wani aminina a bayan Ifo, kuma daga bakin titi zuwa ciki babu kwalta. Naira 250,000 na ware, ba na son in haura. Daga ina zan fara? Kuɗin zai isa? Sannan wani mai walda ya ce dole sai an yanke bayan firem. Wannan ne zuciyata ta kasa kwanciya da shi.

Malam_Ado_Gareji:
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Ƙanena, kada ka sayi ko madubi sai injin ya tashi. Na ga yara da yawa sun fara da fenti da taya, kuɗi ya ƙare, babur ya koma jingina yana ƙyalli.

Ka zubar da tsohon baƙin man. A gefen hagu na injin akwai wani babban murfi, a cikinsa akwai ƙaramar rariya da sifirin, ka fito da ita ka wanke da kananzir. Ka cire fulogi, ka ɗiga baƙin mai kaɗan a ramin, ka bar shi ya kwana. Da safe ka toshe ramin da babban yatsa, wani ya buga kik. In iska ta ture yatsanka da ƙarfi, injin yana da rai. Daga nan a kwance kafireta a wanke, a saita tazarar bawul a kan milimita 0.08 injin yana sanyi, a sa sabon fulogi D8EA. Kada ka ba shi mai daga wannan tankin, ka rataya gora da tiyo ka shayar da shi ta nan. Duk wannan ba zai ci maka kuɗin kirki ba, kuma shi zai gaya maka ko aikin na 250,000 ne ko na ninkinsa.

Nura_IdiAraba:
Ni dai gaskiya kuɗin nan ba zai isa ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira ta faɗi, kayan babur ba su sake saukowa ba. Taya biyu, tiyub, sarƙa da sifoket, batir, wayarin, walda, fenti, sirdi. Ka lissafa. Ka ƙara kuɗi ka sayi Boxer na hannu kawai, ka huta.

Sani_Agege:
Nura na gode, amma ba babur nake nema ba. Wannan ɗin nake so ya tashi. A kansa Baba yake kai mu Islamiyya, ni a kan tanki, yayata a baya.

Lauyan_Zaure:
Kafin a yi nisa da maganar fulogi, a ina za ka hau shi? Wannan ita ce tambayar farko a Legas. Tun dokar hanya ta 2012, zamanin Fashola, aka hana babur mai ƙarfin da bai kai 200cc ba hawa manyan tituna, dokar sufuri ta 2018 kuma ta sake jaddada hakan. Ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Sanwo-Olu ta hana acaɓa gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa. A watan Satumba na shekarar aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Agege ba ta cikin goman nan, amma babban titin Legas zuwa Abeokuta yana cikin titunan da aka hana, kuma shi ne hanyarka ta Ifo har ka kai Toll Gate ka shiga Ogun. Naka 125 ne. Ka yi tunani a kai tun yanzu.

Ɗan_Acaɓa_Ojo:
Maganar Lauya gaskiya ce, ni ganau ne. Babura biyu na rasa cikin wata huɗu. Na biyun ma ba fasinja na ɗauka ba, daga masallaci nake komawa gida wajen Alaba Rago, aka tare ni aka jefa shi a mota. Na nuna takardu, babu wanda ya kalla. Ban gama biyan mai shi ba a lokacin, sai da na yi shekara ina dako kafin na sauke bashin. Wanda ya tare ka ba zai tsaya tambayar ko na haya ne ko na gado ba. Ka riƙe wannan, Sani.

Ummu_Khalil:
Allah Ya mayar maka da alheri, Malam. Mijina ma ya sha wannan, shi ya sa ya koma keke napep.

Garba_Dispas:
Mafita a fili take ai. Injin CG na China mai 200 yana zama a firem ɗin CG125, ɗan gyara kaɗan ake yi wa maƙalar sama. Mu masu kai saƙo da 200 muke aiki saboda dokar nan. Ka sa shi, ka sa kafireta PZ30, ka samu ƙarfi, ka kuma fita daga matsala. Tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Lauyan_Zaure:
Garba, ba haka abin yake da sauƙi ba. Takardun babur suna ɗauke da lambar inji da lambar firem. In ya sauya inji bai sauya takarda ba, ya ƙara wa kansa laifi ne: babur da injin da ba nasa ba, a garin da ake satar babura. Sai ya riƙe rasit ɗin sabon injin, ya je ofishin lasisi a gyara bayanan. Sani, takardun Baba suna nan kuwa?

Sani_Agege:
Na samu wasu a jakarsa, rasit ɗin saye da tsohuwar takardar lasisi, duk da sunansa. Lambar jiki kuma tsohuwa ce, ta lanƙwashe.

Lauyan_Zaure:
Madalla, ka fi da yawa sa'a. Ka adana su, ka haɗa da takardar rabon gado da sa hannun 'yan'uwanka, ka je a mayar da mallaka sunanka, a sabunta lamba da inshora. Lasisin tuƙin babur aji A ne. Ka cire kuɗin wannan daga cikin 250,000 tun kafin ka ga taya mai haƙora ta ɗauke maka hankali.

Malam_Ado_Gareji:
Ni ban goyi bayan sauya injin ba, ko da takarda ta yarda. Na farko, injin 200 mai kyau zai lashe fiye da rabin kuɗin yaron nan. Na biyu, birkin CG ganga ce gaba da baya, an yi ta ne daidai da 125. Ka ƙara wa babur gudu ba ka ƙara masa tsayawa ba, me ka yi ke nan? Na uku, injin nan na asali in ya tashi zai binne na China uku. Na kwance su, na gani da idona, ƙarfen ma ba ɗaya ba ne.

Injiniya_Bello:
Bari in ƙara a kan maganar Malam Ado, don mutane su san abin da ke hannun Sani. Honda ta fito da CG125 a 1975, kuma don irin ƙasashenmu ta yi shi. Sun lura cewa ana ɗora wa babur kaya fiye da ƙima, ba a juyen baƙin mai a kan lokaci, ƙura kuma tana shiga ko'ina. Sai suka bar tsarin sarƙar taimin da kam a sama, suka koma tsarin sanduna biyu masu tura bawul daga ƙasa, wanda ya fi jure sakaci. Shi ya sa har yau ana ƙera shi a Pakistan, kamfanonin China kuma suka kwaikwayi injin suka cika duniya da shi. Amfanin wannan gare ka shi ne kaya ba za su yi maka wuya ba: ring, gaskit, kulochi, duk za ka samu.

Sikirambula kuma ba sabon abu ba ne. A Ingila aka fara, a 1924 aka yi tseren farko a wani gari Camberley, inda ake bi ta daji da tudu da taɓo. Mutane suna ɗaukar babur ɗin titi ne su rage masa nauyi, su ɗaga salansa don kada dutse ya fasa ta, su sa taya mai riƙe ƙasa. Daga baya kamfanoni suka shigo: Honda ta yi CL72 a 1962, Ducati ma ta fara nata a shekarar, Triumph ta farfaɗo da salon a 2006. Asalinsa aikin mai ƙaramin ƙarfi ne a bayan gida, ba na mai kuɗi ba.

Baba_Ilu_Mile12:
To ai mu mun yi wannan ba mu san sunansa ba. A ƙauyenmu can ƙasar Katsina, kafin in zo Ikko a 1986, duk mai Suzuki ko Yamaha yakan ɗaga madigadin gaba da damina don kada laka ta cushe ta riƙe taya. Wasu su cire murfin sarƙa saboda yashi. Ba ado muke yi ba, hanya ce ta sa.

Amma ɗana Sani, ga tawa. Kada ka yanke. Abin da ka yanke ba ya dawowa. Ƙarfen nan na baya da mai walda yake so ya sare, a nan mahaifinka yake ɗaure buhu, a nan yayarka take riƙewa. Ka gyara shi ya koma yadda ka san shi, ja ne ko baƙi, ka hau abinka. In kana son na wasa, ka sayi gawar Jincheng a wajen 'yan gwangwan ka yanka yadda ka ga dama.

Isuhu_Walda:
Baba Ilu, da girmanka, ina da ja kaɗan. Babur ɗin da ba a hawa shi ne ya mutu, ba wanda aka yanke ba. Shekara takwas yana bayan ɗaki da firem ɗinsa cikakke, wa ya amfana? In sabon fasali ne zai sa yaron nan ya riƙa tayar da shi kullum yana tuna mahaifinsa, to a yanke.

Sai dai yankan yana da ƙa'ida. Ba a taɓa komai daga maƙalar shoka zuwa gaba. Abin da ke bayan shoka kawai ake ragewa, a lanƙwasa bututu kamar baka a rufe bakin. Kuma ba a haɗa baki da baki a ɗiga walda a ce an gama. Ana zura guntun ƙarfe a cikin bututun biyu ya zama ƙashi, sannan a zagaye. Kafin a kunna injin walda a cire tanki a kai shi nesa, a cire batir da CDI, wato ɗan akwatin da ke ba fulogi wuta. Tanki kuwa ko ya shekara ba mai, kada wanda ya kai masa wuta sai an wanke an cika da ruwa. Na san wanda ya rasa gira da fatar hannu a kan wannan.

Baba_Ilu_Mile12:
Isuhu, kai sana'arka yanka da haɗi ce, dole ka ga haka. Ni ban ce a bar shi a jingine ba. Na ce a tayar da shi da kamanninsa.

Ummu_Khalil:
Ni tambayata ɗaya ce, kuma ba wanda ya taɓo ta. Salansar da za a ɗaga, ta ina za ta bi? Ƙanwata tana da tabo a ƙauri har yau daga salansar acaɓa, kuma waccan a ƙasa take. In an ɗago ta zuwa gefen cinya, mai doguwar riga ko zani fa? Yaro fa? Malam Sani, in kana da iyali ka tambayi uwargida kafin ka tambayi mai walda. Sirdin ma da kuke cewa a gajarce, ita a ina za ta zauna?

Sani_Agege:
Hajiya kin yi gaskiya, wallahi ban kawo wannan a raina ba. Ina da mata da 'ya ɗaya.

Isuhu_Walda:
Ana sa mata garkuwa, Hajiya. Faranti mai huji-huji, a bar tazarar yatsa tsakaninsa da bututun don iska ta ratsa. Amma na yarda, ko da garkuwa akwai zafi a go-sulo. Akwai hanya ta tsakiya: a bar bututun ya bi ta ƙasa yadda yake, a ɗaga wutsiyar kawai ta kalli sama. Ruwa ba zai shiga da wuri ba, ƙafa kuma ta tsira. Ya ma fi araha, don ba sai an lanƙwasa sabon bututu daga kan silinda ba.

Kabiru_Fenti:
Wannan ba sikirambula ba ce kuma, CG ce mai ɗagaggiyar wutsiya. Salansa a sama ita ce alamar abin gaba ɗaya.

Garba_Dispas:
Ku bar maganar kyau, ku yi maganar ruwa. Duk wanda ya yi Yuni da Yuli a kan babur a garin nan ya san abin da nake nufi. Kuskuren da na fi gani a wajen masu irin wannan gyara shi ne su cire akwatin iska su maƙala ɗan ƙaramin filta mai kamar mazurari a bakin kafireta, don tsakiyar babur ta zama fayau kamar na hoto. Na yi wannan da kaina. Ruwan farko da ya same ni a hanyar Ikorodu babur ya shaƙe ya mutu, na tura shi har gida. Da rani kuma ƙura ta wuce ta cinye min ring cikin 'yan watanni. Sani, ka bar akwatin iska na asali. Ka wanke soson, ka shafa masa mai kaɗan, ka mayar. In ya ruɓe ka yanka sabo.

Injiniya_Bello:
Garba ya faɗi daidai, kuma akwai ƙari. Duk lokacin da ka buɗe wa inji numfashi, ta gaba ko ta salansa, iska ta ƙaru, mai bai ƙaru ba, sai ya riƙa zafi fiye da ƙima. Dole a ƙara girman jet, wato ɗan ramin da mai yake bi a cikin kafireta. Yadda za ka gane: ka yi tafiya mai ɗan nisa, ka cire fulogi ka duba bakinsa. In fari ne fat, mai ya yi kaɗan, kuma wannan ne mai ƙona bawul. In baƙi ne da toka, mai ya yi yawa. Abin da ake so shi ne ruwan ƙasa, kamar soyayyar gyaɗa.

Nura_IdiAraba:
Har yanzu ba wanda ya amsa maganar kuɗi. Kowa yana ƙara masa aiki ne kawai.

Malam_Ado_Gareji:
To Nura, ga amsa. Zai isa in ya bi tsari, ba zai isa ba in ya bi hoto. Abin da ba a sayen na hannu: taya, tiyub, takalmin birki, wayar birki da ta kulochi, boris na wuya da na ƙafa, sarƙa da sifoket. Waɗannan ranka ne a kansu, araha ba ta ado. Abin da za a iya samu na hannu ko a ƙera: hannu, fitila, madigadi, sirdi. Sirdi ma farantin tsohon za a kai wa mai kushin ya yanka soso ya ɗinka leda, ba sai an saya ba. Madigadi a rage tsohon. Fenti shi ne na ƙarshe, in kuɗi ya ƙare a hau haka.

Sannan ya sani, in yatsa ya nuna babu iska, sai an kai bulo an yi boring, wato an faɗaɗa ramin silinda, an sa fistin mai ƙarin faɗin milimita 0.25 ko 0.50, a niƙa bawul. Wannan zai ci kuɗin salansar da ake ta gardama a kai.

Shamsu_TradeFair:
Kan batun taya: ƙafar CG inci 18 ce, ta Boxer 17, kada a sayar maka da wadda ba taka ba a ce za ta shiga. Kada kuma ka nemi ƙatuwa. 3.00 a gaba, 3.50 a baya in ba ta goga sarƙa ba, ya isa. In ka wuce haka injin 125 zai riƙa nishi, mai kuma ya ƙaru. Ka nemi mai matsakaitan haƙora, don mai dogayen haƙora irin ta tsere tana santsi a jiƙaƙƙiyar kwalta, kuma rabin tafiyarka kwalta ce. A jikin taya akwai lamba huɗu a jere, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ka duba, don akwai sabuwar tayar da ta tsufa a sito. Sarƙa 428 ce. In ka ƙara haƙora uku ko huɗu a sifoket ɗin baya zai fi ja a yashi da hawa, gudun ƙarshe ne zai ragu.

Ka zo kasuwar Trade Fair da tsohon kayan a hannunka a gwada, kada ka zo da suna kawai. Ƙarfe da bututu kuma kasuwar Owode Onirin ta fi kusa da ku.

Kabiru_Fenti:
Tanki: zuba ƙananan noti da kananzir, ka toshe, ka yi ta girgizawa har hannunka ya gaji, ka zubar, ka maimaita. Sai ka cika da binega ya kwana biyu, ka ɗauraye, ka shanya a rana ya bushe ƙayau, ka zuba mai nan take don tsatsa tana dawowa da wuri a iskar garin nan. Ka sa ƙaramin filta a tiyon mai. In ka ga ƙananan huji a ƙasan tankin, wani za ka nema.

Wani abu kuma, madigadin gaba na ƙarfe shi ke riƙe ƙafafun shoka biyu su tafi tare. In ka ɗaga shi sama ka bar gindinsa a wurin, ko Isuhu ya yi maka ƙarfen da zai maye gurbinsa. In ba haka ba kan zai riƙa rawa a kwana.

Ɗan_Acaɓa_Ojo:
Duk wannan ilimi ne mai kyau, amma ni har yanzu hankalina yana kan titin Abeokuta. A gama wahala a ƙawata shi, a zo Abule Egba a ɗauke. Wanda aka ƙawata ma ya fi jan ido.

Garba_Dispas:
Ni a ganina akasin haka ne. Mai hular kwano da takalmi da jaket, a kan babur ɗin da bai yi kama da na haya ba, ba a cika tare shi ba.

Lauyan_Zaure:
Garba, wannan sa'a ce, ba doka ba. Doka ƙarfin inji ta ambata, ba fasali ba. Ni da zan ba shi shawara, ya ajiye babur ɗin a wajen amininsa ta ɓangaren Ogun, ya riƙa zuwa a mota yana hawa a can, a cikin Agege kuma ya tsaya a layukan unguwa in ya dawo da shi.

Sani_Agege:
Jama'a, albishirinku. Jiya da yamma ni da wani yaron Malam Ado muka bi abin da ya faɗa ɗaya bayan ɗaya. Rariyar nan ta cika da baƙin dattin da ya daskare kamar kwalta. Iska ta ture yatsana. Wuta ce ba ta zuwa, ashe ɓera ya yanke wayar koyil, muka haɗa. A bugu na tara ya yi tari, a na sha ɗaya ya tashi. Hayaƙi ya cika tsakar gida, ga ƙara saboda hujin salansa. Hajiyarmu ta fito daga ɗaki ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ce komai ba, sai da muka kashe ta ce, "Ƙararsa ba ta canza ba." Daga nan ta koma ciki. Ni ma sai da na zauna.

Abin da na kashe zuwa yanzu bai kai 20,000 ba, har da baƙin mai da fulogi da abin da na ba yaron.

Ummu_Khalil:
Allahu Akbar. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Malam_Ado_Gareji:
Alhamdu lillahi. Yaron ya gaya min hayaƙin ya ragu bayan minti goma, wato man da ka ɗiga ne yake ƙonewa. Kada ka buɗe injin. Ka yi tafiya kaɗan da shi, ka sake juye baƙin man, sannan mu saurare shi. Yanzu sai birki da boris.

Baba_Ilu_Mile12:
Ka ji abin da mahaifiyarka ta ce ko? Ni ba zan ƙara komai a kai ba.

Isuhu_Walda:
Baba, ƙara ta ce, ba ta ce firem ba. Amma na ji jikina ya yi sanyi ni ma. Sani, ga abin da zan iya yi maka: in ƙera sirdi da maƙalar fitilar baya waɗanda za su hau da noti a ramukan da suke nan, ba yanka ba walda a jikin firem. Wutsiyar za ta ɗan leƙo a bayan sirdin, ba zai yi tsaf kamar na hoto ba, amma ran da ka so mayar da shi yadda yake, sifana ɗaya ta isa. Tsofaffin kayan ka zuba a buhu ka ajiye.

Kabiru_Fenti:
Wutsiyar nan za ta ɓata shi, ina gaya muku. Ko a yi abu sosai ko a bari. Ni dai in an kawo min tanki, jan asali zan mayar masa, da zanen gefensa, wannan kam ba na jayayya.

Nura_IdiAraba:
Na janye rabin maganata tunda injin ya tashi. Rabin kuma sai na ga kuɗin takardu.

Sani_Agege:
Oga Isuhu, ina son wannan na noti, amma sirdin ya zama mai ɗaukar mutum biyu saboda maganar Hajiya Ummu Khalil. Salansa ban yanke shawara ba, uwargida ta ce a ƙasa, ni kuma idona yana sama. Ranar Litinin zan fara zuwa ofishin lasisi da takardun. Shamsu, in Allah Ya kai mu Asabar zan shigo da ƙafar baya gaba ɗaya a gwada tayar a kanta. Sifok guda huɗu sun karye, ana samun na 18 a wajenku, ko sai na sayi rim ɗin dukansa?

Shamsu_TradeFair:
Ana samu. Ka zo da ɗaya daga cikin masu lafiyar a auna tsawo, na ciki da na waje lanƙwasarsu ba ɗaya ba ce. Ka iso kafin azahar, hanyar Badagry tana cushewa da yamma.